Dutsen da Yake So Ya Aura

Ku da kuke ta rubuto min cewa in buɗe baki kawai in gaya masa gaskiya, na gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai ba ku san gidanmu ba, kuma ba ku san bakina ba. Bakina ba ya shawara da ni. Yau zan gaya muku abin da ya yi min jiya da yamma, amma saboda waɗanda yanzu suka shigo, bari in ɗan koma baya.

Mu biyu ne a wurin Umma, ni da Yaya, ni ce auta. Ina aiki a wata 'yar cibiyar bincike da ke saman wani kantin magani, ofis mai fanka ɗaya wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. Aikinmu auna juriya. Ku yi dariyarku, ni ma na yi ranar farko. Wasu masana ne a wata ƙasa mai nisa suka tsara tambayoyin da ake gane yadda mutum yake miƙewa bayan duniya ta kayar da shi, mu kuma aka ba mu aikin mu duba ko za su yi amfani a harshenmu, a kan mutanenmu. Wani ya fassara, wani da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da fassarar zuwa harshen asali, aka zauna aka yi ta gwada su har kowace jimla ta zauna daram. Ta wajen kalmomi dai babu mai kushe mu. Za a ce maka, "Idan abu mai nauyi ya same ni, ina iya ci gaba da harkokina," sai ka zaɓi ɗaya: ko kaɗan, wani lokaci, sau da yawa, ko kullum.

A can inda aka rubuta su, mutum shi kaɗai yake zama da bironsa ya cike abinsa, babu mai leƙa masa. Mu nan da yawa daga cikin waɗanda muke zuwa wurinsu karatu bai zauna musu ba, don haka Dakta, shugabarmu, ta ce mu riƙa karanta wa kowa da baki, mai karatu da marar karatu, don a tafi daidai. Ido cikin ido ke nan. Ku riƙe wannan, don daga nan komai ya lalace min.

A makon horo aka haɗa mu bibbiyu, mu gwada tambayoyin a kan juna a gaban kowa. Ni sai aka haɗa ni da Mai Lissafi, wanda yake zuba amsoshi a kwamfuta ya fitar da abin da suke nufi. Dogo ne, baƙi, farar rigarsa ta sha guga, ga wani agogo mai baƙin madauri da yake juyawa a hannu idan yana tunani. Ya jawo kujera ya zauna gabana, ya fara karantawa da wata murya a hankali kamar ni kaɗai ce a ɗakin. To ku gaya min tsakani da Allah, wace budurwa ce namiji irin wannan zai tambaya ko tana iya jure wahala, duk ofis an zuba mata ido, ta ce ko kaɗan? Na ce kullum. Ya karanta ta gaba, na ce kullum. Har muka gama ban sauko daga kullum ba. Ya haɗa makin, ya ɗago yana murmushi ya ce bai taɓa ganin wanda ya cinye duka ba. Tun ranar ya sa min suna Dutse, ofis kuma ya ɗauka.

Abin da bai sani ba, ana tashi daga horon na wuce banɗaki na buɗe famfo na tsuguna. Tun rasuwar Abba nake da wannan abin. Haka kawai ƙirjina zai takure, numfashi ya ƙi shiga, hannuwana su ɗauki rawa, in ji kamar yanzu za a zare min rai. Idan ya sake ni sai kuka, kukan da ba na iya faɗin dalilinsa. Ƙarar faɗuwar murfin tukunya tana iya tayar min da shi, warin asibiti kuwa ba a magana. Na ƙware wajen ɓoyewa. A jakata kullum akwai hoda da kwalli, in wanke fuska in gyara in fito ina tsokanar mutane. Sau ɗaya na gwada gaya wa Umma, ta taɓa goshina ta ce gajiya ce, in rage kallon waya.

Shi kuwa daga Dutse sai saƙo, daga saƙo sai kira. "Dutse, kin isa gida?" "Dutse, mayafin nan ruwan toka kar ki ƙara sa shi ranar da nake da lissafi mai wuya." Yana ajiye min kujerar da ke bakin taga. Ranar da igiyar takalmina ta tsinke a matakala, ya ɗauke shi ya kai wa mai gyara da hannunsa, ni ina zaune da ƙafa ɗaya a kan jarida. Ina son sa. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina son sa irin son da idan ya yi tari a can ƙarshen ofis sai na ɗago.

Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa. Mahaifinsa kuma ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya tashi, maganarsa ma sai wanda ya saba yake ganewa. Shi yake masa wanka kafin ya fito aiki, shi yake juya shi, shi yake ba shi abinci a baki. Ƙanwarsa tana aure a nesa. Masu jinyar da ya ɗauka babu wanda ya daɗe. Ana cikin haka ya sami gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, na shekaru, abin da yake nema tun kafin in san shi. A kan matakalar ofis ya gaya min abin da yake so, bai rufe ni da komai ba: a yi auren kafin ya tafi, in zauna a gidansu da Baba.

"Ban roƙi Allah kyakkyawa ba, ko da yake na samu," in ji shi. "Wadda ba ta karyewa na roƙa."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har da rufe baki da mayafi.

Kar ku zage shi, don na ga wasunku sun fara. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya gaji, ya ga dutse ya ce bari ya jingina.

Umma da ta ji, ranar har waƙa na ji tana yi a kicin. Gwaggonsa ta riga ta yi tambaya a kanmu, kuma duk inda ta je labari ɗaya ake ba ta, labarin Yaya. Mijin Yaya ya yi hatsarin mota tun ƙaramar 'yarsu tana goye, ƙashin bayansa ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Yau yarinyar har ta shiga makaranta, Yaya kuwa tana nan tana jinya, tana ɗinki, tana renon yara, kuma ba a taɓa jin ta ce wash ba. A unguwarsu idan mace ta yi ƙorafi da Yaya ake rufe mata baki. Na sami Umma tana ninke wanki a bakin gado, na zauna a ƙasa na ce mata ni fa ina jin ba zan iya ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gidan nan ba a san mu da raki ba, Auta. Ni da na yi jinyar ubanku, wa ya ji bakina? Dubi Yayarki."

Sai na kama mata bakin zanen gado muka ninke tare.

Shekaranjiya aka yi taro a ofis. Mai Lissafi ya haska sakamakon gwajin share fage a jikin bango, sai ga mutanenmu duk sun taru a can sama sun cunkushe, ƙasa fayau babu kowa. Masu jinya, waɗanda gobara ta cinye wa shago, matar da ta binne 'ya'ya, kowa kullum, kowa sau da yawa. Dakta ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido, sannan ta ce ko dai mun faɗo garin da babu mai rauni ko ɗaya, ko kuma ma'auninmu makaho ne. Shi ya kare lissafinsa, ya ce amsoshin sun yarda da juna, kuma waɗanda aka koma aka sake tambaya abin da suka faɗa da farko shi suka maimaita. Ta ce masa sikelin da ya maƙale ma ai nauyi ɗaya yake nunawa kullum. A ganinta ba kalmomin ba ne, zaman ne: mutum ba zai kalli idon ɗan'uwansa ya ce ya gaza ba, sai ya ji kamar ya yi wa Allah butulci. Ta ce nan gaba za a gwada wata hanya, a ba mutum katuna, mai tambaya ya juya baya, shi kuma ya jefa amsarsa a akwati. Amma sai an nemi izini daga sama, kuma izini ba ya sauri. Kafin nan mu ƙarasa zagaye na biyu yadda muka fara.

Ina zaune sai wayata ta yi motsi a cinya. Shi ne, daga can ɗaya gefen teburin. "Na wasu ban sani ba, amma naki makin na gaske ne. Ni shaida ne."

Zagaye na biyun nan ƙa'idar aikin ce. Bayan mako biyu ana komawa wurin mutum a sake masa tambayoyin, a ga ko amsarsa tana tsaye. A gwajin share fage Dakta ta yarda kowa ya samo mutane daga nasa, ni kuma Yaya na kai, don na san ba za ta ba ni kunya ba. Jiya ne ranar komawa wurinta.

Da la'asar na isa. Tun daga ƙofa ƙauri ya tare ni. Na same ta zaune a ƙasan kicin ta jingina da bango, tukunyar shinkafa tana hayaƙi a kan wuta a gabanta, ita kuma tana kallon tukunyar kamar ta maƙwabta ce. Na kashe wutar. Sai lokacin ta zabura ta ce ai yanzu take shirin saukewa. Doguwar rigarta a bai-bai take, ɗinkin a waje, ita da take yi wa mutane ɗinki. Wuyanta ya zurma, kitson kanta ya tsufa har ya fara warwarewa da kansa. Keken ɗinkin yana lulluɓe da tsohon zane, ƙura ta kwanta a kai. Na ce Yaya lafiya, ta ce lafiya lau, ta tambayi Umma.

A falo muka zauna, kusa da ƙofar ɗakin mijinta, don ta ji idan ya kira. Haka muka yi wancan karon ma, ban kuma ga aibun hakan ba sai jiya. Ƙofar a buɗe take. Ina hango robar da aka shimfiɗa a kan katifa, da keken guragun da aka naɗe a bayan ƙofa, da ƙafafunsa sirara a ƙarƙashin bargo. Mutum ne mai barkwanci har yanzu. Ya ɗaga murya ya ce, "Auta, kin dawo auna min mata? Ki auna da kyau, irin ta ba a sake yi ba." Yaya ta yi murmushi, ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a cinya kamar 'yar makaranta.

Na fara karantawa. Ina iya ci gaba da harkokina, ta ce kullum. Wahala ba ta hana ni barci, kullum. Ina ganin gobe za ta fi yau, kullum, alhamdulillahi. Da na zo kan wadda ta ce ina da wanda zan iya gaya wa damuwata, na ɗago na kalle ta. Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce kullum. Babu inda ta kauce daga amsoshinta na farko ko da taku ɗaya. Na san idan Mai Lissafi ya zuba su zai ji daɗi, zai ce ga irin abin da yake faɗa.

Na rufe takardun na shiga kicin in kankare tukunyar, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Na buɗe famfo, na juya wa ƙofa baya, ina ta gurza. Ban ji shigowarta ba sai muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin ƙarar ruwa.

"Kar ki juyo."

Ban juyo ba.

Ta ce makon jiya ta fita sayen sabulu, sai ta ga motar haya mai fita bayan gari, ta shiga haka kawai. Ta zauna a bakin taga har ƙarshen hanya, kowa ya sauka, ita tana zaune, sai da direba ya ce mata an iso. Ta ce a wurin ta tsaya tana kallon titi, kuma abin da ya ba ta tsoro shi ne ba ta ji kewar kowa ba, har yaran. Ta dawo ne don ba ta san inda za ta ba. Ta ce da safe idan ta buɗe ido, haushin buɗewar take ji.

"Ina son shi, Auta. Shi ya sa babu wanda zan gaya wa. Idan na ce na gaji, me ya rage masa?" Na ji tana jan hanci. "Ni da nake da ƙarfi ke nan. Ke kuwa na san famfon da kike buɗewa, tun ina gida nake ji. Ki gaya wa yaron nan tun yana da lokacin neman wata hanya."

Hawayena suna ɗiga a cikin tukunya, soson yana hannuna. Ashe ta sani, duk shekarun nan. Na buɗe baki zan yi magana sai mijinta ya kira daga ɗaki, na ji ta amsa da wata murya tas, mai fara'a, "Ga ni nan zuwa." Da na juyo babu kowa a ƙofar.

A cikin mota na rubuta masa saƙon. Dogo ne, ban taɓa rubuta wa kowa irinsa ba. Na gaya masa banɗakin ofis, da famfon, da hodar. Na gaya masa warin asibiti kaɗai yana kayar da ni, balle a bar ni ni kaɗai da mara lafiya na shekaru. Na ce ranar horo ƙarya na yi, don kyansa da idon mutane. Na ce ni ba dutse ba ce, amma ina son sa, idan zai iya son abin da ya rage. Rubutu bai yi min wuya ba ko kaɗan, tunda babu mai kallona. Na ce bari in isa gida in sake karantawa sau ɗaya in tura.

Ina shan kwanar layinmu na hango motarsa a ƙofar gida. Yana tsaye jikin katanga da farar rigar nan, yana juya agogo. A bakin falo ga takalman Gwaggonsa, labulen tagar Umma kuma yana ɗan motsi duk da babu iska. Ya ce makarantar ta rubuto, suna son amsarsa kafin gobe, ko ya karɓa ko a ba wani. Idonsa ya yi ja, da gani bai runtsa sosai ba kwanan nan. Ya ce ya yi ta tunanin maganar Dakta, shi ya sa ya zo da kansa, ba ya so ya ɗora min abin da ban ɗauka da zuciya ɗaya ba.

"Idan kin ce ba za ki iya ba, yau zan rubuta musu na fasa. Wallahi ba zan riƙe ki a rai ba. Amma ba na son saƙo, ba na son ta bakin Gwaggo. Ki kalle ni ki gaya min."

Wayar tana hannuna, saƙon yana ciki, yatsana yana kai. Da ya juya baya, ko na ɗan lokaci ne, ko ya sunkuya ɗaure takalmi, da na faɗa. Na rantse muku da na faɗa. Amma sai ya matso, ya sa idonsa cikin nawa, ya sassauta murya irin ta ranar farko. Na ga shekarun da ya yi yana neman gurbin nan, na ga hannuwansa da sabulu ya busar, na ga labulen Umma.

"Za ki iya, Dutse?"

"Zan iya."

Ya sauke wata ajiyar zuciya da ta girgiza kafaɗunsa, ya yi dariya idonsa cike da ƙwalla, ya ce cikin tsokana, "Wani lokaci, ko sau da yawa?"

"Kullum," in ji bakina.

Sauran ba na iya tuna shi dalla-dalla. Gwaggonsa ta rungume ni tana sa min albarka, turarenta ya cika min hanci. Umma tana cewa ai ta gaya musu, jininta ba ya ba da kunya. Na gaishe su yadda ya kamata, na ɗauke kofunan shayi, na shiga banɗaki na buɗe famfo. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Da na fito rana ta kusa faɗuwa, sun tafi, na zauna a bakin gado da mayafina ban ko cire ba.

Saƙo biyu na tarar. Nasa ya ce, "Na tura musu, na karɓa. Gobe bayan aiki zan kai ki ki gaida Baba, in fara nuna miki yadda ake juya shi. Na gode, Dutse." A ƙasansa ga nawa dogon, yana nan a inda ake rubutu, ban tura ba, ban kuma iya gogewa ba.

Na biyun na Yaya ne. "Maganar ɗazu gajiya ce ta sa ni, ki manta da ita, kar Umma ta ji. Lafiyata lau. Me kika ce masa?"

Na rubuta mata gaskiya, tunda ita ma ba ta kallona. Na ce na ce masa zan iya. Alama ta nuna ta karanta. Sai wayar ta nuna tana rubutu. Ta daina. Ta sake farawa, ta daɗe, ta sake dainawa. Har yanzu da nake rubuto muku wannan, ga doguwar rigar da zan sa zuwa gidan Baba na goge na rataye a ƙofa, amsar Yaya ba ta shigo ba, kuma na kira ta wayar tana ta ƙara babu mai ɗauka.